DARASIN KASUWA: TAKARDAR BAYANI A JIKIN KEK MAI TSINKE



Yau za mu ɗan ajiye lissafin buhu da tiya, mu leƙa ƙasar Amurka, mu ga yadda hukuma ta tsara wa masu yin abinci a gida suna sayarwa. Dalili kuwa biyu ne. Na farko, akwai 'yan'uwanmu da 'ya'yanmu da ke zaune can, waɗansu daga cikin matansu suna taɓa sana'ar cin-cin da kek a gida. Na biyu, gyaɗa da riɗi da kashu da waken suya, waɗanda muke hada-hadarsu kullum, suna cikin kayan da dokar can ta fi sa wa ido. Wanda ke sayar da abu ya kamata ya san yadda ake kallon abin nan a kasuwar wani.

Za mu ɗauki kaya guda ɗaya mu yi misali da shi, watau kek mai tsinke.

MENE NE KEK MAI TSINKE?

Su can suna kiransa kek-pop. Yadda ake yinsa: a gasa kek, a bar shi ya huce, a marmashe shi, a kwaɓa da haɗin sukari da bota har ya kama jikinsa, a mulmula kamar yadda ake mulmula dawo, amma ƙanana. Sai a soka masa tsinke, a tsoma shi cikin narkakken cakulan, a barbaɗa masa kayan ado masu launi. In ya sandare sai a sa shi a 'yar leda a ɗaure. Wata mata mai suna Angie Dudley ce ta sa ya yi suna wajen shekarar 2008, ta kuma fitar da littafi a kansa a 2010. Yanzu ana sayensa dozin-dozin don biki da suna da walimar makaranta.

Abu ne ɗan ƙarami, loma biyu ka gama da shi. Amma in ka ƙirga abin da ke cikinsa, ka ga alkama da ƙwai da madara da waken suya, wani lokaci har da gyaɗa. Wannan ne ya sa ya dace da darasi.

DOKAR ABINCIN GIDA

A asali, a Amurka ba a sayar da abinci sai an yi shi a wurin da ma'aikatan lafiya suka duba suka ba da lasin. Gina irin wannan wuri kuwa jari ne babba, ba na mai ƙaramin ƙarfi ba. Sai jihohi suka yi ta kafa doka ta musamman mai sassauci, wadda ta yarda mutum ya yi waɗansu irin abinci a ɗakin girkin gidansa ya sayar.

A lura da kyau: kowace jiha da tata dokar. Jihar Teksas ta fara tata a 2011. Ta Kalifoniya ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2013. Jihar Niyu Jazi ce ta zo a ƙarshe, a watan Oktoba na 2021. Saboda haka wanda ke Teksas in ya kwaikwayi takardar wanda ke Fulorida, ya yi aikin banza.

Sassaucin nan yana da iyaka ta fuska uku.

Ta farko, irin abincin. An yarda da abin da ba ya lalacewa in an ajiye shi a ɗaki ba tare da firiji ba, kamar burodi da biskit da alewa da busasshen kek. Nama da kifi da abin da sai da sanyi, yawancin jihohi ba su yarda ba. Ke nan mai niyyar yin kilishi ko dambun nama a gida ya sayar, galibi wannan doka ba ta rufe shi ba.

Ta biyu, yawan ciniki. Jihohi da yawa sun yanka adadin kuɗin da za a iya samu a shekara. Fulorida ta kai nata dala 250,000 a 2021. Teksas ta ɗaga nata daga dala 50,000 zuwa dala 150,000 a 2025. Kalifoniya ta raba masu sana'ar gida biyu: masu sayar wa mai ci hannu da hannu, da masu kai wa kantuna sari. A 2022 ta yanka wa na farko dala 75,000, na biyu dala 150,000, ana kuma ɗan ƙara adadin gwargwadon tsadar kaya. Wannan lissafin na cinikin duka ne, uwa da riba.

Ta uku, wurin sayarwa. Galibi sai cikin jihar. Da zarar kaya sun ƙetare iyakar jiha, sun shiga hannun hukumar abinci da magunguna ta tarayya, watau FDA, ita kuwa sharuɗanta sun fi tsanani.

To, tun da ba mai zuwa kullum ya duba ɗakin girkin nan, sai hukuma ta ce: mun sassauta maka, kai kuma ka gaya wa mai saye gaskiya a rubuce. Takardar bayanin da ake liƙa wa kaya, wadda mu nan muke ce wa sitika, ita ce ta tsaya a matsayin mai duba gari.

ABUBUWA SHIDA DA AKE RUBUTAWA

Ko da yake jihohi sun bambanta, waɗannan shida su ne aka fi tarayya a kansu.

1. Sunan kaya. A rubuta sunan da kowa ya sani, misali kek mai tsinke na cakulan. In kana da sunan talla mai daɗi, sa shi, amma sunan gaskiya ya fito fili.

2. Sunan mai yi da inda yake. Don in wani abu ya faru a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kalifoniya ta ƙara da cewa a sa lambar rajista da sunan gundumar da ta ba da ita. Waɗansu jihohi sun yarda a sa lambar rajista maimakon adireshin gida, saboda mata da yawa ba sa son kowane baƙo ya san gidansu.

3. Jerin kayan haɗi, daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi.

4. Nauyin kaya zalla.

5. Gargaɗi kan abubuwan da ke tayar wa waɗansu mutane borin jini.

6. Sanarwa cewa a gida aka yi.

Uku na farko a jerin nan, biyu ba su da wuya. Bari mu bi sauran huɗun ɗaya ɗaya, don a nan ne ake yawan tuntuɓe.

JERIN KAYAN HAƊI

Ƙa'ida ita ce a jera da nauyi, ba da cikar mudu ba. Gwangwanin fulawa da gwangwanin sukari ai ba nauyinsu ɗaya ba, kowane mai awo ya san wannan. Don haka sai an hau sikeli.

Ga misali. A ce Hajiya ta yi kwaɓi da fulawa giram 300, sukari giram 350 in an haɗa na cikin kek da na kwaɓin, bota giram 200, ƙwai giram 150, madara giram 120, bekin foda giram 10, banila giram 5, gishiri giram 3. Cakulan da ta tsoma su ciki ya ci giram 400. Yaya za ta jera?

Cakulan, sukari, fulawa, bota, ƙwai, madara, bekin foda, banila, gishiri.

Kun gani ko? Da ka aka yi, da kowa fulawa zai sa a gaba, alhali ita ce ta uku.

Saura abu guda. Cakulan ɗin nan ba ita ta yi shi ba, sayowa ta yi, shi ma kuwa haɗi ne. Dole ta ɗauko ledarsa ta kwafe abin da aka rubuta a jiki, ta sa a baka biyu bayan sunansa: sukari, man ƙwarar manja, garin madara, koko, da wani sinadari da ake cirowa daga waken suya. Haka za ta yi wa bekin foda, haka za ta yi wa kayan barbaɗe masu launi. In garin kek na kwali ta saya, duk abin da ke jikin kwalin nan sai ya hau takardarta. Ranar da ta sake kamfanin cakulan, ranar ce za ta sake duba takardarta, don haɗin wannan kamfani ba lalle ya zama na wancan ba.

Mu Musulmi muna da wata riba a wannan jeri. A ƙa'idar Amurka, ruwan banila na asali ba ya kasa kashi 35 cikin ɗari na barasa. Waɗansu kayan ado da alewa masu danƙo kuma ana sa musu jelatin, wanda sau da yawa daga alade ake samunsa. Mai karanta jerin nan ya san abin da zai tambaya kafin ya kai baki. Mai yi kuma in tana son cinikin Musulmi, ta san abin da za ta kauce wa tun a kanti.

NAUYI ZALLA

Ana rubuta nauyi wajen ƙasan takarda, a yawancin wurare da ma'auni biyu: oza ta Amurka da giram. Oza ɗaya giram 28 ce da ɗan ɗori. Abin da ake ci shi ake aunawa. Tsinke da leda da zare ba sa cikin lissafi, kamar dai yadda mai gaskiya yake cire nauyin buhu in zai auna riɗi.

A ce kek ɗaya da tsinkensa ya hau giram 45, tsinken kuwa giram 2 ne. Saura 43, watau oza ɗaya da rabi. In shida ne a kwali, a rubuta oza 9, giram 255. Tun da mulmulen hannu ba ya zuwa daidai, dabara ita ce a auna da yawa, a rubuta nauyin da ƙananan ciki suka kai. Gara mai saye ya sami gyara da a same ka da tauye awo. Mu da muka karanta Suratul Muɗaffifina ba sai Bature ya koya mana wannan ba.

BORIN JINI

Wannan shi ne zuciyar darasin, domin a nan rai yake. Akwai mutanen da in suka ci wani abu ko ɗan ƙanƙane, jikinsu ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya toshe, numfashi ya gagara. In ba a yi maza an yi musu allura ba, sai a rasa su cikin ɗan lokaci.

A 2004 Amurka ta yi doka ta lissafa abubuwa takwas da tilas a ambata: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su kashu da almon, gyaɗa, alkama, da waken suya. A 2021 aka yi wata doka ta ƙara riɗi, ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2023. Yanzu tara ne.

Kek mai tsinke na yau da kullum yana ɗauke da huɗu daga ciki: alkama a fulawa, ƙwai, madara a bota da cakulan, waken suya a cakulan. A ƙarƙashin jerin kayan haɗi sai a rubuta layi guda: yana ɗauke da alkama, ƙwai, madara, waken suya. In an sa kashu, a kira shi da sunansa, kada a ce 'ya'yan itace kawai. Haka kifi, sai an faɗi irinsa.

Kada wani ya ce wannan tsirfar Turawa ce. A 2016 wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15, sunanta Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin sama na Landan. An gasa shi da riɗi a cikin ƙullun, ba a kuwa rubuta a leda ba. Ta ci, ciwon ya tashi cikin jirgi a kan hanyar Faransa, ta rasu a ranar. Iyayenta suka yi ta fafutuka har Ingila ta yi dokar da ake kira da sunanta, wadda ta fara aiki ran 1 ga Oktoba, 2021. Riɗin nan dai shi ne wanda muke lodawa a Maigatari da Dawanau. Gare mu abinci ne mai albarka, ga wani kuwa ajali.

Sai a kula da gauraya ta hanyar kwano. In da safe an daka ƙuli-ƙuli ko an yi kantun riɗi, da rana aka kwaɓa kek a kwano guda ba a wanke sosai ba, gyaɗa ta shiga ko da ba a zuba ta ba. Masu hankali sukan ƙara layi cewa an yi shi a ɗakin da ake aiki da gyaɗa. Dokar tarayya ba ta tilasta wannan layin ba, kuma rubuta shi bai ɗauke wa mutum wanke kwano ba.

SANARWAR GIDA

Kusan kowace jiha ta tanadi kalmomin da za a rubuta, da Turanci, harafi da harafi, ba ragi ba ƙari. Ta Kalifoniya gajera ce, ma'anarta: an yi shi a ɗakin girki na gida, kuma girman rubutun ya zama lamba 12 a ma'aunin masu ɗab'i. Ta Fulorida ma'anarta: an yi shi a sana'ar gida wadda ba ta ƙarƙashin ƙa'idodin tsabtar abinci na jihar, girman rubutu kada ya kasa lamba 10. Teksas ta sake lafazin tata a 2025, don haka mai tsohuwar sitika sai ya buga sabuwa.

Ga matsala: ledar kek mai tsinke ba ta fi tafin hannun yaro ba, ina za a sa duk wannan? Abin da suke yi shi ne su ɗaura ɗan kati a wuyan tsinken, ko su liƙa babbar takarda a kan kwali in dozin aka saya. In ɗai-ɗai za a sayar, kowane da tasa. Ƙanƙantar leda ba hujja ba ce ta matse rubutu har sai an sa tabarau.

TARKO UKU

Na ɗaya, kwaɓin ciki. Mutane da yawa suna son kwaɓa kek ɗin da cuku mai laushi, don ya fi garɗi. Amma shi yana son firiji, saboda haka a jihohi da yawa da zarar an sa shi kayan sun fita daga sassaucin dokar, kome kyan takarda. Masana suna duba abu biyu: tsami da laima. Abin da tsaminsa ya yi ƙarfi, ko laimarsa ta yi ƙasa saboda yawan sukari ko bushewa, ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa a cikinsa da sauri.

Na biyu, garin ƙyalli. Akwai wani gari mai walƙiya kamar zinariya da ake shafa wa kek. Wani na ci ne, wani na ado ne kurum. A 2018 yara shida suka kwanta a jihar Rod Ailan bayan walimar haihuwa, aka bincika aka tarar garin da aka shafa wa kek ɗin jan ƙarfe ne. A 2019 a jihar Mizuri aka sami dalma a jinin wani yaro ɗan shekara ɗaya ta irin wannan hanya. In ba a rubuta a jikin kwalba cewa na ci ne ba, ba kuma jerin kayan haɗi, kada ya taɓa abinci. Haka nan wani jan launi da ake kira Red 3, FDA ta soke izininsa a Janairun 2025, ta ba masu abinci wa'adi zuwa Janairun 2027.

Na uku, kirarin talla. Mai ƙaramar sana'a ba a tilasta masa buga jadawalin sinadaran gina jiki ba. Amma in ya rubuta cewa kayansa ba su da sukari da yawa, ko ba su da maiƙo, to ya jawo wa kansa, sai ya kawo jadawalin da zai tabbatar. Cewa yana maganin ciwo kaza kuwa, wannan ya fi kowanne haɗari. Baki shi ke yanka wuya.

Wanda aka kama da saɓa waɗannan, gwargwadon jiha, ana iya yi masa gargaɗi, ko a hana shi sayarwa, ko a ci shi tara, ko a karɓe rajistarsa. In kuwa wani ya cutu, magana ta koma kotu, diyya kuma tana iya cinye jari har da gida.

INA RUWANMU A NAN GIDA?

A Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da wannan aiki, kuma ta sabunta ƙa'idar rubutun jikin abincin da aka ƙulle a 2022. Abin da take nema ya yi kusa da na can: sunan kaya, kayan haɗi, nauyi, sunan mai yi da adireshinsa, lambar rukunin da aka yi tare, ranar yi da ranar lalacewa, da lambar rajistar hukumar. A wajen kwanan wata ma tamu ta fi tasu tsanani, don dokar tarayyar Amurka ba ta tilasta ranar lalacewa ba sai ga madarar jarirai, waɗansu jihohi ne kawai ke neman a sa ranar yi.

Dillalin da ke karɓar cin-cin ko alkaki ko dubulan daga hannun matan gida yana kai wa manyan kantuna, ya riƙe wannan: kaya in ba su da suna a jiki, ranar da suka yi wa wani illa wanda ya kawo su ake nema. Ka tambayi mai yi abin da ta zuba, ka rubuta, ka auna da kanka. Malamai sun gaya mana ɓoye aibin kaya ba ya halatta, kuma yana cire albarkar ciniki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

TAMBAYOYIN BITA

1. Me ya sa takardar mai sana'a a Teksas ba za ta yi wa na Fulorida aiki ba?

2. Kwaɓi yana da fulawa giram 500, sukari giram 200, bota giram 250, ƙwai giram 100. Jera su yadda doka ta ce.

3. Kek ɗaya da tsinke giram 40, tsinken giram 2. Nawa ne nauyin dozin guda zalla?

4. Kawo abubuwa tara masu tayar da borin jini. Guda nawa daga ciki ake sayarwa a layinku?

A zauna da yaran shago a amsa tare, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da haƙƙin mutane, amin.